Madarar Garken Yaya

Ranar Talata

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa ce daga wadda kewarku ta dama. Ya ƙafar taki, ya kunnen? Ya Firit da rigimarta? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da sanyin ɗakin aiki ya sa min, ita ma ta kama hanyar tafiya. Baban Firit ya rubuto daga wurin aikin hanyarsu, ya ce sai ƙarshen shekara za a ba su hutu, yana gaishe ki da ɗawainiyar 'yarsa.

Kin ce in ba ki labarin aikina dalla-dalla, don ki san abin da ya raba uwa da 'yarta. To ga shi. Ƙarfe bakwai na safe motocin madara ke fara shigowa kamfani. Duk mai kawo madara yana da lamba a jikin garwarsa. Ni ina wani ɗaki mai farin tayil, taga ɗaya, firij biyu masu gurnani wuni guda. Daga kowace garwa ana ɗebo min kwalba ɗaya. In tace, in shinshina, in kurɓa in tofar. In saka wani gilashi mai kama da ma'aunin zafin jiki ya yi iyo a ciki, idan an yi wa madarar ruwa sai ya nitse ya wuce ƙa'ida. In ɗiga aidin, idan an dama gari a ciki don ta yi kauri sai ta koma shuɗiya. Daga nan na'ura ta auna maiƙo da sinadarin gina jiki. Wadda ta tsallake duk wannan in buga wa takardarta hatimi, a juye ta a babban tanki, a dafa, a zuba a kwalaye a kai kasuwa.

Masu ƙara ruwa ba sa tayar min da hankali, dariya ma suke ba ni. Makon jiya wani ya rantse min ruwan sama ne ya faɗa masa a garwa, alhali wata uku ba a ga ko hadari ba.

An sauya mana rabon motoci, yanzu motar Direban da ke kai miki wasiƙuna a teburina take sauka. Ke nan madarar Yaya ni ke gwada ta, lamba sha huɗu, garwa takwas kullum. Yau mako uku ke nan.

Gwaggo, ban taɓa ganin madara irinta ba. Ta wuce kowane gwaji, ko tuntuɓe ba ta yi. A takarda, duk kamfanin nan babu madarar da ta kama ƙafarta. Abin da na saba gani shi ne madara tana tashi kamar mutum, yau da nauyi, gobe shara-shara. Idan saniya ta yi sabuwar haihuwa zan gani, idan ta ci ganyen albasa zan ji a harshena. Ta Yaya kuwa lambobinta na ranar farko su ne na yau, ko ɗigo bai motsa ba. Kuma komai tsaftar mai tatsa, nakan tsinci gashin saniya ɗaya ko biyu a matacina. A tasa ko sili ban taɓa tsinta ba.

Ki tambayar min shi lafiyar shanun. Guda nawa ne yanzu? Jar nan mai karyayyen ƙaho, wadda ta taɓa kora ta har kan katanga, tana nan?

Yaya, na san ta hannunka wasiƙar za ta bi kafin ta isa gida, ina gaisuwa. Gwaggo, a shafa min kan Firit.

'Yarki

Ranar Asabar

Malamar madara, uwar Firit,

Wasiƙarki ta zo, na karanta sau uku, sau ɗaya da tabarau, sau biyu babu, don 'yarki ta jefa min shi cikin kwandon ƙyallaye sai da yamma na gano. Ƙafa da sauƙi, ina taka keken ɗinkina. Kunne kuwa ya yi ritaya, ki daina tambayarsa. Ki rufe ƙirjinki a ɗakin sanyin nan, tun kina yarinya mura ke raina ki.

Firit lafiya lau, amma tana nan a firit ɗinta. Shekara ɗaya da rabi, in kin ɗaga ta kamar kin ɗaga wanki. Duk abin da na kai bakinta sai ta danne leɓe ta kau da kai, ta bar ni da cokali a hannu kamar mai bara. Rigar da na ɗinka mata tun kafin tafiyarki har yau yawo take a jikinta. Ran nan wata mai kawo ɗinki ta dube ta ta ce, wannan yarinya ana ba ta abinci kuwa? Abin ya tsaya min a rai har yau. Ni da na rene ki, na reni Yayanki, sai a kan jika za a ce ban iya ba.

Maganar madarar Yayanki kuwa, kin faranta min, Allah Ya faranta miki. Har maƙwabciyata Mai Kitso na kira na karanta mata wurin da kika ce babu wadda ta kama ƙafarta. Shi gogan da na karanta masa, maimakon ya yi murna sai ya nemi kujera ya zauna, ya ce me kuma ta ce? Na ce ta ce ko gashi babu, tsabar tsafta. Ya tashi ya fita ko shayinsa bai sha ba. Kin ji mutum, a yabe shi ya yi kamar an yi masa rasuwa. Haka ubansa yake.

Kin tambayi shanu. Ni rabona da ganinsu tun bara, lokacin cutar nan da ta share garken mutane. A lokacin ne ya ƙara tsawon katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ce ba mai shiga, wai a tafin takalmi ake kawo cutar. Har ni da na haife shi. Na tambaye shi jar saniyarki, ya ce tana nan. Na ce guda nawa ne, ya ce suna da dama. Takin da yake aiko min ina zuba wa barkonona ma ya daina, duk sun yi rawaya. Amma gaskiya unguwar ta huta. Warin nan da ke biyo iska da rana babu shi, ƙudaje sun yi ƙaura, balbelun da ke jeruwa a kan katangar ma sun bar zuwa.

Ni ba na jin kukansu, amma Mai Kitso tana ji, bangonta ɗaya da garken. Ta ce shanun Yayanki sun fi agogo. Biyar da rabi daidai za su yi kuka uku a jere, sai wata ta yi tari, sai ƙarar bokiti. Kullum haka, ba ragi ba ƙari, har ta daina ɗaure agogonta. Na ce ai duk gidanmu haka muke, ba ma wasa da lokaci.

Laifinsa ɗaya, baƙar rowa. Garwa takwas a rana, amma ko cikin cokali bai taɓa kawowa gidan nan ba. Nasa 'ya'yan ma ta gwangwani yake saya musu, wai ta garke ta kamfani ce, an ƙidaya. Na dai ga ya fara son karatu da girma. Tun bara ya ari littafinki na makaranta mai koren bango da kika bari a akwatina, har yau bai dawo da shi ba.

Ina shirya miki wani abu, ba zan faɗa ba sai ya nuna.

Gwaggonki

Ranar Laraba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da Firit. Murar ta tafi. Wannan wasiƙar na liƙe ta sau biyu. Yaya, idan kai ne ka buɗe, to ka zauna ka karanta har ƙarshe, da kai nake.

Gwaggo, abin da na rubuta miki ba yabo ba ne. Tsoro ne ya hana ni faɗa a fili, da kuma nauyin Yaya. Yanzu zan faɗa.

Da na zo wurin littafi mai koren bango a wasiƙarki, sai na tuna abin da ke ciki. A cikinsa akwai shafin da na kwafi lambobin madara mai kyau daga allo, maiƙo uku da ɗigo shida, da sauransu. Su ne lambobin da garwa sha huɗu ke ba ni kullum. Ba kusa da su ba, su ɗin. A ƙasan shafin kuma, da rubutuna, na jera gwajin da ake yi kowace safiya da wanda ba a yi sai an yi zargi. Wato ni na rubuta wa mutum tambayoyin jarrabawa da amsarsu, na bari a akwatinki.

Na ɗebi kofi biyu na kai ɗakina, ɗaya ta lamba tara, ɗaya ta Yaya, na ajiye a kan taga ba murfi. Kafin yamma ta lamba tara ta tsinke, washegari ta yi tsami, ƙuda ya cika ta na zubar. Ta Yaya yau kwananta tara. Tana nan fara sol, ba tsami, ba wari, ko yana ba ta yi ba. Tururuwa sun yi layi a kan tagar, idan sun iso gindin kofin sai layin ya rabe biyu ya zagaye shi. Jiya na zuba wa kyanwar gidan a murfi. Ta matso ta shinshina, ta ja da baya tana kallona, tun daga nan ba ta sake shigowa ɗakina ba. Ni kaina na koma juya wa tagar baya idan zan ci abinci.

Ranar Lahadi da ba kowa a ofis na yi gwajin da ba a saba yi ba. Akwai man girki a ciki, akwai garin sabulu da ke riƙe man kada ya taso, akwai takin zamani, akwai maganin da ke hana gawa ruɓa. Akwai kuma wani abu na biyar da ke yaudarar na'ura ta ga kamar sinadarin gina jiki ne, wanda ban gane ko mene ne ba. Abin da ban samu ba shi ne alamar wannan ruwa ya taɓa bi ta jikin saniya. Gwaggo, ba na jin akwai saniya ko ɗaya a bayan katangar nan. Ban san abin da Mai Kitso ke ji da asuba ba.

Aikina shi ne in rubuta rahoto yau ɗin nan. Idan na rubuta, hukuma ce za ta zo, ba kamfani kaɗai ba. Yaya ne ya kai ni makarantar nan a bayan babur ɗinsa da akwatina a cinya, hannuna ya ƙi rubuta sunansa. Zan jira. Yaya, ka dakatar da garwar nan da kanka, ka ce shanun sun ƙafe, ka ce duk abin da ka ga dama, ni ba zan ce uffan ba. Kafin nan zan ci gaba da buga hatimi, ina lallashin kaina cewa garwa takwas a cikin tanki mai cin ɗari huɗu ba za ta yi wa kowa illa ba.

Abu ɗaya ne ya kwantar min da hankali, rowar nan da kike kuka da ita. Tunda ba ya kawowa gida, Firit ta tsira. A bar shi a haka, ko da wasa kada ta shiga gidan.

Ina jiran amsa da motar jibi.

'Yarki

Ranar Alhamis

Uwar Firit,

Ko dai malamar madara ta yi girman da ba ta rubuta wa tela wasiƙa? Mako bakwai ke nan ko layi ɗaya. Na tambayi Direba, ya ce ya kawo wata tuntuni ya ba Yayanki a ƙofar garke. Na tambayi Yayanki, ya ce ta faɗa masa a ruwa ta lalace, ba komai a ciki sai gaisuwa. To na amsa gaisuwar. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan lafiya, ƙafa ma ta yi sauƙi saboda ɗan tattakin da nake yi da sassafe.

Abin da na ce ina shirya miki ya nuna, yau zan fasa ƙwan. 'Yarki ta yi ƙiba.

Tun ranar da kika rubuto cewa duk kamfaninku babu kamar madarar Yayanki, na ce ashe maganin yana bayan gida nake ta wahala. Na san idan na roƙe shi zai hana, sai na bi ta bayan fage. Idan Direba ya gama lodi ya fito, nakan tare shi a kwanar shagon mai faci da jug ɗina a ƙarƙashin mayafi. Ya buɗe garwa ɗaya ya cika min, ni kuma na ɗinke masa rigar kujerar motarsa da wandunansa biyu. Yayanki bai sani ba, kar ki faɗa masa. Da farko Firit ta ƙi, tana tofarwa, sai na riƙa sa mata sukari. Yanzu kofi uku take sha a rana, yau mako bakwai. Ga albarka, ko firij ba ta buƙata, jug ɗaya sai ya kwana biyu a kan tebur bai canza ba.

Ki zo ki ga kumatu. Idanun ma sun shige ciki, da safe da ƙyar take buɗe su. Ƙafafu sun yi ɓul-ɓul, takalminta ya daina shiga, idan na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba, tsabar taushi. Sau biyu ina buɗe mata riga a ciki. Mai kawo ɗinkin nan da ta yi min gori ta zo shekaranjiya, na ɗora mata ita a cinya.

Ga hankali ya zo mata. Rigimar nan duk ta bari, ba kuka, ba ɓoye tabarau. Inda na ajiye ta nan zan dawo in same ta, tana kallon bango abinta ko tana barci. Fitsarin kwance ma ta daina. Da, zani uku nake wankewa kafin rana ta yi tsaka, yanzu tun jiya da safe ƙyallen da na ɗaura mata a bushe yake. Ɗan amai ta yi jiya da yau, na ce haƙori ne.

Wani abu dai ya ɗan tsaya min. Ranar Litinin na iske ƙofar garken a sakaye ba kwaɗo, na tura kaina. Ciyawa ta fito a turken har gwiwa. Igiyoyin suna nan ɗaure a jikin turaku, kowace da madaukinta a ƙasa, kamar an zare wuyan an bar ta. Kwamin shan ruwa ya bushe har ya tsage. Can cikin rumfa na hango shuɗɗan durom jere, da wani inji mai dogon hannu yana juya wani farin abu shi kaɗai, ba kowa a wurin. Na ce ko kiwo aka kai su. Da na gaya wa Mai Kitso ta ce ai ta ji kukansu da asubar ranar, uku a jere da tarin. Ta dube ni, na dube ta, ta ɗauki mayafinta ta tafi ko sallama babu. Ki tambayi masana a wurinku ko yanzu haka ake kiwo.

Gobe zan miƙa wa Direba wannan hannu da hannu, kar ita ma ta faɗa ruwa.

Gwaggonki

Juma'a, a harabar asibiti

Ƙanwata,

Ba ni da bakin gaishe ki. Ga wasiƙar Inna, Gwaggonki, tare da tawa, tata za ki fara karantawa. A kan bonet ɗin motar madara nake rubutun nan, na hana Direba tafiya sai na gama.

Yau ya manta takardar lodi, na bi shi da ita a guje. A kwanar mai faci na same shi da garwa a buɗe, Inna tana riƙe da jug. Na ce na wa? Ta yi dariya ta ce na Firit, yau mako bakwai, je ka ga yadda ta koma. Ban san yadda na isa gidan ba. Na ɗauki Firit daga kan tabarma, ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ta buɗe ido ba ta gane ni ba.

Likita ya ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ƙodarta ta tsaya. Ya tambaye ni me ta sha, na faɗa masa duka a gaban Inna da babbar murya don ta ji. Tun daga nan tana gefen gadon Firit.

Wasiƙarki ba ta faɗa ruwa ba, tana aljihuna mako biyar. Na karanta har ƙarshe yadda kika ce. Da na zo inda kika rubuta Firit ta tsira, ni ma na ce ta tsira, na ninke na ajiye. Da na miƙa wa Inna ita ranar da ta zo, da kwana goma kawai yarinyar ta sha.

Shanun sun mutu tun bara, su ashirin da uku cikin mako biyu. Jar ce ta ƙarshe. Na binne su a cikin garken, na kasa fitowa in ce ɗan gidan nan ba shi da ko maraƙi. Kukan da maƙwabta ke ji kaset ne, na ɗauka tun suna raye. Da farko don mutane nake kunnawa, daga baya ni ne ba na iya fara aiki sai na ji su.

Abu huɗu da kika lissafa haka ne. Na biyar ɗin wata farar hoda ce, wani mutum ke kawo min a buhu ba rubutu, ya ce ita ke sa na'ura ta yarda. Ban taɓa tambayar sunanta ba. Likita ya ce maganin ya danganta da ko mece ce, idan ya yi kuskure zai ƙara mata, kuma asibitin ba su da abin aunawa. Ya ce yana da kamar kwana biyu. Ga ta nan na ƙulle a leda cikin ambulan, da lambar wayar ofishinsa a baya. Duk wanda na sani, ke kaɗai ce ke da injin da zai gaya mana.

Na san mota za ki so ki hau yanzu. Ina roƙonki kada ki hau.

Yayanki

Juma'a da yamma

Gwaggo,

Direba zai juyo yanzu, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ban taho ba. Na kai ƙofar kamfani da jakata, na dawo na sa farar riga. Gwajin hodar sai ya kai gobe da azahar, dole a dafa ta a tace a jira, kuma ba wanda zai yi in ba ni ba. Da na samu sunan zan buga wa likita waya, sannan in hau duk motar da na samu.

Shirun da kika yi na ɗauka fushi ne, don na taɓa miki ɗa. Na ce bari in bar ki ki huce. Mako biyar ina jira, kowace safiya ina buga wa garwa takwas hatimi. Yau na miƙa rahoton, da sunan Yaya a sama, nawa a ƙasa.

Kada ki ce ke ce. Kin karanta abin da na rubuta ne, ni ce na rubuta shi a lulluɓe don kunya.

Ki zauna ta gefen damanta, ta nan take juyawa idan ta farka. Ki riƙe mata ɗan yatsan ƙafa, tana so. Idan ta neme ni ki ce ina hanya. Ina jin tsoro, Gwaggo, sau biyu ina zubar da awon.

'Yarki

Lahadi da safe

'Yata,

An ce motarku ta lalace a hanya, kin koma, sai ta Litinin. Direba na tsaye a kaina, ba zan yi tsawo ba.

Wayarki ta sami likita jiya da azahar. Ya ce ya gane, suka sauya ruwan da ke rataye, suka shiga da Firit wani ɗaki suka fito. Yau da hantsi ta yi fitsari, kaɗan, ja-ja da tsakuwa-tsakuwa a ciki. Likita ya ɗaga kwalbar a haske ya ce a gode wa Allah, amma da sauran tafiya. Na fita baranda na yi kuka. Yayanki ya kai kansa wurin hukuma tun jiya, ban hana shi ba.

Ta buɗe ido, ta gane ni, ta kama tabarau. Sai ta fara miƙa hannu tana neman kofinta.

Nas ta ce nan da kwana biyu za a fara ba ta abu mai ruwa-ruwa, ta kawo madarar kwali ta ajiye a kan durowar gefen gado. Na sa tabarau na duba. Ta kamfaninku ce, ga tambarin an gwada a jiki, kwanan watan kuma na watan jiya ne. Gado goma sha biyu ne a ɗakin nan, kowace durowa da irin kwalin, wasu uwayen har sun buɗe nasu. Na ɗauke namu na sa a ƙarƙashin mayafi ina zaune a kai, nas tana ta hararata.

Ni ban san karatun madara ba, na dogara da ke. Wannan karon ki rubuto min a fili, yadda tsohuwa za ta gane. In ba ta, ko kar in ba ta? Su kuma matan nan, me zan ce musu?

Gwaggonki